Kafin A Sauke Tsohon Inji: Darasi A Kan Kasafin Kuɗi

Duk wanda ya taɓa hawa tsaunin Mambila ya san motar nan Land Rover. Daga Mayo Selbe, inda hanya ta fara miƙewa sama tana nannaɗe duwatsu, har Maisamari da Nguroje da Gembu, ƙananan motoci suna zuwa. Amma da zarar mutum ya saki babbar hanya ya nufi ƙauyukan da ke wajen iyakar Kamaru, to, sai jar laka da gangara da rafuka. Da damina ba kowace mota ke yarda ta shiga can ba sai waɗannan tsofaffi. Su ke kai gishiri da kananzir da kwanon rufi, su kuma ke fito da masara da wake da marasa lafiya.

A gidanmu akwai guda ɗaya. Ƙirar 1978 ce, irin wadda ake kira Series III, mai dogon jiki. Kakanmu ya saye ta a gwanjo tun kafin Babana ya yi aure. Da ita ake ci, da ita ake biyan kuɗin makarantarmu mu biyar. A babban hutun 2024 na tarar injinta ya gaji. Tana zubar da shuɗin hayaƙi kamar an kunna yayi, tana shanye galan guda na baƙin mai a tafiya biyu, in ta zo hawa kuwa sai fasinjoji sun sauka sun bi ta a ƙasa, yaron mota yana biye da ita da waigi a hannu. Baba ya yanke shawarar a sa mata wani inji. Ya sayar da bijimai biyu, ya kira ni ya ce, "Kai ɗan boko, ɗauko takarda ka rubuta mini abin da za a kashe." Abin da na koya a wannan aiki shi nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, domin kuwa akwai gidaje da yawa da ke da tsohuwar mota ko injin niƙa ko na ban ruwa da wata rana zai nemi irin wannan lissafi.

Baba ya hana ni faɗin ainihin kuɗin da ya kashe, ya ce ba a tallan aljihu. Wannan bai ɓata kome ba, don farashi ba ya zama wuri ɗaya. Saboda haka na mai da kuɗin injin kansa kashi 100, kowane abu kuma zan auna shi da wannan ma'auni. Kuɗin bijiman nan biyu sun kama kashi 130. A ganin Baba, inji 100, makaniki 15, saura 15 a sha mai. Watau har da canji.

Da farko ya kamata a san irin motar da ake magana a kanta. An fara ƙera Land Rover a Ingila a 1948. A lokacin ƙarfe ya yi wuya saboda yaƙin duniya na biyu bai daɗe da ƙarewa ba, sai aka yi jikinta da alminiyam, wanda ba ya tsatsa. Shi ya sa har yanzu ake ganin bodinta garau alhali sa'o'inta sun daɗe da zama tukwane. An yi Series III daga 1971 zuwa 1985. Injinta na fetur mai silinda huɗu ne, lita biyu da kwata, ƙarfinsa wajen doki 70. To, a nan akwai wani abu da Malamin Kimiyya ya koya mana wanda na gani da idona. Inji da iska yake aiki kamar yadda yake aiki da mai. Tsaunin Mambila ya haura mita 1,500 a wurare da yawa, iskar can kuwa ta fi ta bakin teku sauƙi da kusan kashi ɗaya cikin bakwai. Ke nan injin da ke da doki 70 a Legas, in ya hau Gembu bai fi 60 ba, tun yana sabo ma. Ina kuma ga wanda ya shekara arba'in da shida?

Tambayar farko a kasafi ba "nawa ne inji?" ba ce. Tambayar ita ce, lalle ne sai an sauya? Hanyoyi uku ne a gabanmu. Ta farko, a sake gyara tsohon, a sa masa fistin da ringi da sauransu. Makaniki ya ce wannan zai ci wajen kashi 90. Sai dai an riga an yi masa haka har sau uku, an rarake silindarsa har ta kai ma'aunin ƙarshe, gyaran baya kuma wata goma sha huɗu kaɗai ya yi. Ta biyu, a nemo injin gas na Land Rover ɗin kanta wanda ake kira 200Tdi, wanda ya fito a 1989. Lita biyu da rabi ne, ƙarfinsa ya haura doki 100, yana kuma da wata na'ura mai tura masa iska da ƙarfi, saboda haka tsauni ba ya rage shi sosai. Ni kam shi raina ya so. Amma makaniki ya tambaye ni, in wani abu ya lalace a cikinsa ranar kasuwar Mayo Ndaga, a wane shago zan samo shi? Ya ƙara da cewa ƙarfinsa ya fi abin da aka yi tsohuwar giyar motar dominsa, direba mai zafin ƙafa zai iya kakkarya haƙoranta cikin wata guda. Na yi shiru. Ta uku, injin gas na Toyota da ake kira 3L, lita 2.8, mai doki wajen 90, irin wanda ke cikin tsofaffin Hilux da Hiace. Ba shi da wani abin burgewa, amma kayansa suna ko'ina, kowane yaron gareji kuma ya san cikinsa. Shi aka zaɓa.

Kafin a tsai da magana sai da muka yi lissafin mai, domin tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, mai ya zama shi ne babban abin da ke cin ribar mota. Na bi motarmu tafiya uku ina rubutawa, na kuma roƙi wani maƙwabcinmu mai irin injin da muke so ya bar ni in bi tasa. A hanyar da muka fi bi, kilomita 140 zuwa da komowa, tamu tana shan lita 35 ta fetur, tasa kuwa lita 20 ta gas. Amma kada mai karatu ya yi saurin murna. A lokacin litar gas ta fi ta fetur tsada da kamar rubu'i, saboda haka lita 20 ɗin nan daidai take da kuɗin lita 25 ta fetur. Abin da ake tsira da shi a kowace tafiya kuɗin lita 10 ne, watau rabin kashi ɗaya a ma'auninmu. (Wanda ya iya lissafi ya riga ya gano asirin aljihun Baba daga nan. Ina roƙonsa ya riƙe a cikinsa.) Motar tana tafiya uku a mako. In sauyi ya fi gyara tsada da kashi 150, sai an yi tafiya 300 kafin mai kaɗai ya biya bambancin, kusan shekara biyu ke nan. Da a ce gyaran tsohon zai yi shekara biyar, da gyaran ya fi. Da yake ba zai kai ko shekara ɗaya da rabi ba, sai sauyi ya yi nasara.

Yanzu sai mu zo ga inda kuɗi ke ɓuya. Na kwana uku a gareji ina zaune a kan tsohuwar taya, ina tambaya ana yi mini dariya, ina rubutawa.

Inji ba ya zuwa da ƙafarsa. Manyan kasuwannin kayan mota irin su Ladipo a Legas, da Nkpor kusa da Anaca, da Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, duk suna da nisa da mu. Dole Baba ya tafi, dole kuma ya tafi da makaniki, domin wanda bai san inji ba fenti zai saya. Kuɗin motarsu, da abinci, da masauki, da dako, da ɗauko injin har kan tsauni, sun tashi kashi 9. A can ma akwai tarko. Akwai inji cikakke, akwai kuma tsirara. In aka faɗa maka farashi mai daɗi, tambayi ko da kik, da abin caji, da famfon gas, da fanka a jikinsa. In babu su, sayensu ɗaya ɗaya zai fi ragin da aka yi maka. A sa a tayar da shi a ƙasa a ji kukansa, a buɗe murfin baƙin mai a ga ko yana huci, a dubi launin hayaƙinsa.

Abu mafi tsada bayan injin shi ne aurar da shi ga giya. Toyota dabam, Land Rover dabam, ramukan ƙusoshinsu ba su haɗu ba. Sai an kai wa masu injin feƙe ƙarfe sun yanka wani faifai mai kauri wanda fuskarsa ɗaya ta dace da inji, ɗayar ta dace da giya, a kuma nemo faifan kuloci wanda zai shiga tsakaninsu. Wannan aiki ba ya son ganganci ko kaɗan. In tsakiyar inji da tsakiyar giya suka saɓa ko da kaurin farce ne, motar za ta tashi, za ta yi tafiya, mai ita ya yi ta murna, bayan wata biyu kuloci ya ƙone, a sa wani ya ƙone, ba a san dalili ba. Akwai mai yi da araha a kusa, akwai mai tsada a Jalingo wanda ya riga ya yi irinsa da yawa. Na rubuta na mai tsadar: faifai da kuloci da aikinsu, kashi 22.

Daga nan sai ƙananan da ba ƙanana ba. Kujerun da inji ke zama a kansu sai an yanke an sake walda, 6. Lagireto na dā ya toshe rabi, injin gas na Toyota kuwa makanikai sun ce ba ya yafe zafi, in ya tafasa sau ɗaya kansa na iya tsagewa, saboda haka sabon lagireto da tiyo, 12. Salansa sai an sake lanƙwasa ta, 5. Tankin mai sai an wanke, a ja sabon bututu, a kuma ƙara na biyu, domin injin gas yana mai da ragowar man da bai ƙone ba cikin tanki, 4.

Wuta ta ci 11, kuma dalilinta darasi ne mai daɗi. Injin fetur yana matse iska da mai kamar sau takwas, sa'an nan fulogi ya ba da tartsatsi. Injin gas ba shi da tartsatsi. Matse iskar yake yi fiye da sau ashirin har ta yi zafin da gas zai kama da kansa. Juya irin wannan inji yana son babban batir da wayoyi masu kauri. Ga shi kuma sanyin asuba a Mambila ba wasa ba ne, sai an haɗa masa waɗansu ƙananan ƙarafa masu ɗumama silinda kafin a tayar. Duk wannan aikin mai rewaya ne, shi ma da kuɗinsa.

Sabon injin kansa, da yake sabo ne a wurinmu kawai, sai an yi masa hidima kafin a ɗora. Babu wanda ya san tafiyar da ya yi a ƙasar da ya fito. Yana da wani bel mai haƙora a gabansa wanda ke daidaita motsin cikinsa, in ya tsinke ana tafiya, fistin ya daki bawul, an yi asarar inji. Sauya shi yana ƙasa aikin awa guda ne. Da shi da baƙin mai da matatai da gyaran nozul, 10.

Akwai abu guda da Baba ya so ya tsallake, makaniki ya ce in an tsallake shi ba da hannunsa ba. Burki ne. A bayan fedar burkin motarmu akwai wani baƙin tulu mai taimakon ƙafar direba, wanda ke aiki da zuƙar iskar da injin fetur ke yi. Injin gas ba ya irin wannan zuƙa, sai an haɗa tulun da wani ɗan famfo da ke bayan abin caji. Bugu da ƙari, in direba ya ɗaga ƙafa daga totur a gangara, injin fetur yakan riƙe mota fiye da yadda na gas ke yi. Ke nan nauyin da ke kan burki ya ƙaru. Wanda ya taɓa leƙa ramin da ke gefen hanya in ana gangarowa Mayo Selbe ba zai yi jayayya a kan kashi 8 ba.

Ladan makaniki da yaransa 15 ne, kamar yadda Baba ya zata. Abin da na ƙara shi ne a yi jinga a kan aikin duka, ba a kan kwana ba, a gaban shaidu biyu, a biya sau uku: ranar farawa, ranar da inji ya tashi, da bayan motar ta je ƙauye da kaya ta komo. Na ƙarshe takardu, 3. Lambar inji tana rubuce a takardun mota. In an sauya, sai a karɓi rasiɗi mai ɗauke da lambar sabon daga hannun mai sayarwa, a kai ofishin lasin a gyara, in ba haka ba wata rana a shingen hanya za a tambayi direba inda ya samo shi.

Da na tara duka, sai ga 205. Malamin Lissafi ya taɓa gaya mana cewa masu gini sukan ware wani abu domin abin da ba a gani ba. A tsohuwar mota abin da ba a gani ba ya fi wanda ake gani yawa, don haka na ƙara kashi ɗaya cikin biyar, watau 41. Jimla 246.

Ba zan manta da daren da na kai wa Baba takardar ba. Ya sa tabarau, ya bi ta da yatsa har ƙasa, ya komo sama. Ya ce, "Inji ɗaya na aike ka, ka kawo mini biyu da rabi. Abin da ake koya muku ke nan?" Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ka nuna mini wanda za a cire." Ya sake bi. Ya tsaya a kan 41 ɗin nan ya ce wannan kuɗin aljannu ne. Inna da ke bakin ƙofa tana tsince wake ta ce, "Malam, gara aljannun takarda da na gareji." Bai amsa ba. Abin da ke ransa na san shi. In aka sauke tsohon inji da 130 a hannu, kuɗi suka ƙare a tsakiya, to, babu tsoho babu sabo, motar tana kan duwatsu a gareji, ga kuɗin jarrabawar Yayata ta fita sakandare yana tafe. Mun san gidaje biyu da haka ta faru gare su. Ɗaya motar har yau tana nan, kaji na ƙwai a cikinta.

Da safe ya ce a dakata. Aka rage wa motar kaya, aka ci gaba da lallaɓa ta har wata huɗu. Aka sayar da masara, Inna ta ɗauki adashinta, aka ƙara da bijimi na uku. Dakatawar ta zo daidai ta wata fuska, domin da damina ne Land Rover ke da ciniki, da rani kuwa ƙananan motoci suna shiga ƙauye su raba fasinja da ita. In za a kwantar da mota, a kwantar da ita lokacin da rashinta bai fi ciwo ba.

A nan wata muhawara ta tashi tsakanin Baba da Kawu. Kawu ya ce a sayi injin tun yanzu a ajiye, tun da kayan waje kullum hawa suke. Gaskiya ne, tun da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a Yunin 2023 abin da ya faru ke nan. Amma masu sayar da inji kwanaki kaɗan suke bayarwa na gwaji, wanda muka yi magana da shi mako biyu ya ce. In injin ya yi wata huɗu a zaure, ranar da aka ɗora shi aka ga aibi, wa za a kai wa kuka? Baba ya zaɓi ya fara tara lagireto da batir da kayan burki, inji ya zo daga ƙarshe. A ganina ya yi daidai, ko da yake jiran ya ci mu kashi 6, don injin ya tashi daga 100 zuwa 106. Kawu har yanzu yana tuna masa.

An fara aikin a Janairun 2025, ina makaranta. Yayana ne ya riƙe littafin, ya kawo mini shi ranar ziyara, duk ya yi baƙi da mai. Da aka zo zaunar da injin sai aka ga kaskon baƙin mai da ke ƙarƙashinsa zai riƙa dukan aksul na gaba in mota ta faɗa rami. Aka yanke shi aka sake masa siffa, 4. Da aka raba giya da tsohon inji, makaniki ya leƙa ciki ya tarar giya ta biyu ta cinye, waɗansu ƙwallayen kuma sun yi sako-sako. Tun da ga ta a ƙasa, aka gyara, 14. Tankin da na rubuta a wanke, da aka wanke shi sai ya zama rariya, ashe dattin ne ke toshe ramukan. Wani tanki, 5. Da waɗannan da ƙarin kuɗin inji, aljannu sun ci 29 daga cikin 41 ɗinsu. Aikin ya tsaya a kan 234, saura 12. Aka sayar da tsohon inji ga wani mai irin motar da ke son kayan cikinsa, aka sami 7. Ya zama 19.

Sai dai akwai kuskuren da na yi, kuma ba ƙarami ba ne. Na lissafa duk abin da zai fita daga aljihu, ban lissafa abin da zai daina shiga ba. Makaniki ya ce mako biyu, aikin ya ci kwana 33, domin faifan nan sai da aka mai da shi Jalingo aka sake gyara rami ɗaya. Cikin kwanakin nan motar ta rasa tafiya 14, kowace tafiya kuwa takan bar wa gida kamar kashi ɗaya. Gida bai daina cin abinci ba, direba ma yana da iyali. Kashi 14 ke nan da babu su a takardata ko kaɗan. Da aka cire su daga 19, abin da ya rage 5 ne. Da su aka cika kuɗin jarrabawar Yayata, ana saura kwana huɗu a rufe karɓa.

Da na je hutun Ista na bi motar zuwa ƙauye. A hawan da fasinjoji suka saba sauka, wata tsohuwa ta fara tattara zanenta tun kafin a ce mata kome, direba ya ce, "Zauna, Inna." Muka haye da giya ta biyu, da buhu goma sha biyu a baya. Na auna man da ta sha a tafiyar, lita 21 ne, ba 20 ba. Na gyara a littafin. Baba ya ce in bar shafi biyu a gaba, domin sifirin na baya sun fara kwanciya, kuma yana so in rubuta masa nasu kafin damina ta sauka.